Ɗiyarmu ta iya gudu, amma wa ya rubuta sunanta?



Makon jiya, bayan mun rufe shirin wasanni, wani ɗan Adar da ya daɗe a Amurka ya turo muna bidiyo ta WhatsApp, ya ce mu duba ɗiyarshi. Yarinya ce 'yar shekara 16, tana sheƙa gudu da wata sanda mai raga a kai, kamar an ɗaura matankaɗi a bakin sanda. Da ita ake cafe ƙwallo, da ita ake jefa shi. Sunan wasan lakuros. Asalinshi wasan mutanen farko ne na Amurka ta Arewa, tun kafin zuwan Turawa, kuma yana cikin wasannin da za a yi a Olamfik na 2028 a Los Anjeles. Mun yi ta dariya a situdiyo, wani abokin aikinmu har yana cewa ai wannan tankaɗen gari ne a guje. Da munka sake kallo sai dariyar ta tsaya. Idonmu ya sauka kan wasu mutane da ke zaune bakin fili bisa kujerun naɗi, kowa da littafi da biro. Ba su tafi, ba su ihu, rubutu kawai suke yi.

Munka tambaye shi, su wa ke nan? Ya ce masu horar da ƙungiyoyin jami'o'i ne, kuma duk taron nan dominsu anka shirya shi.

Ga yadda abin yake can. Jami'o'in Amurka suna da ƙungiyoyin wasa na maza da na mata, kuma tun wata doka ta 1972 makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon fifita maza a kan mata, har a fagen wasa. Saboda haka jami'a na neman 'yan mata masu iya wasa, tana rage musu kuɗin karatu, wani lokaci ta ɗauke shi duka. To mai horo ba ya iya zaga makarantu dubbai ɗaya bayan ɗaya. Sai a tara ƙungiyoyi da yawa wuri guda kwana biyu ko uku, filaye jere da juna, a raba wa masu horo takarda mai lambar rigar kowace yarinya da sunanta da shekarar da za ta gama lise. Cin kofi ba shi ne babban abu ba a irin wanga taro. Abin da kowace yarinya ke nema shi ne wani ya ja layi ƙarƙashin lambarta.

Kada ku ce mun yaba abin duka. Uban yarinyar da kanshi ya ce aljihunshi ya ji jiki: kuɗin ƙungiya, kuɗin shiga gasa, kuɗin jirgi ko mai, kuɗin masauki, duk iyaye ke biya. Wadda ubanta ba shi da hali, ko ta fi kowa iyawa, ba ta isa filin ba balle a gan ta. Kuma rige-rigen ya taɓa yin muni har masu horo suna ɗaukar alkawarin yara 'yan shekara 13 da 14. Sai a 2017 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta hana masu horon lakuros tuntuɓar yarinya kafin 1 ga Satumba na shekarar da ta shiga aji na kusa da ƙarshe a lise. Ashe su ma sun gane cewa ido in ya yi yawa kan yaro ƙarami, cuta ne.

To mi ya haɗa mu da wasan matankaɗi, mu da ke Adar? Sandar ba ta dame mu ba. Mai littafin nan shi ya tsaya muna a rai, don mun tuna wata rana.

Shekarun baya an gayyace mu ɗaukar rahoto a wani gari na arewacin Tawa, can wajen Takanamat, ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar. Kun san asalin ranar: a 1991 mata sunka yi tattaki a Yamai suna neman a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa. An kafa rumfa, an jera kujeru, an kawo lasifika. Bayan jawabai, waɗanda sunka ci kusan rabin yini, anka ce 'yan matan CEG su yi tsere. Cikinsu akwai wata siririya, ba takalmi, ta ɗaure kallabinta tamau. Wallahi ba mu taɓa ganin gudu irin nata ba a wannan yanki. Ta iso ta juyo tana jiran sauran, ko haki ba ta yi sosai. Fili ya ɗauki guɗa. Anka ba ta bokiti da sabulu da turmin atamfa, manya sunka ɗauki hoto da ita, mu ma munka miƙa mata makirfo ta ce ta gode. Motoci sunka tashi kafin la'asar saboda hanya.

Babu wanda ya riƙe agogo. Babu wanda ya auna filin. Mu kanmu, kuma wannan laifinmu ne, sunanta na farko kawai munka ɗauka. Da munka koma garin bayan shekara biyu munka tambaya, anka ce ai ta bar lakol, tana ɗakinta. Allah ya ba su zaman lafiya, ba auren muke zargi ba. Abin da ke ci muna rai shi ne har gobe ba wanda zai iya faɗa muku ko yarinyar nan gwanar ƙauye ce kawai ko kuwa irin waɗanda ake ɗaga wa tutar ƙasa. An gan ta, an yi mata guɗa, amma ba a rubuta komi ba.

Kuma kada wani ya ce muna ƙasar nan ba ta haihuwar irinsu. Aminatou Seyni ta yi gudun mita 400 cikin daƙiƙa 49.19 a Lozan a 2019. A 2022, a gasar duniya ta Yujin a Amurka, ita ce ta 4 a tseren ƙarshe na mita 200, bayan 'yan Jamaika biyu da 'yar Ingila ɗaya. Ta huɗu a duniya, jama'a. Tekiath Ben Yessouf ta kai Olamfik na Tokiyo a taikwando. Waɗannan wani ya gan su da wuri, ya riƙe agogo ko ya buɗe musu ƙofar ɗakin horo. A gefe guda kuma, masu bin ƙwallon mata ba su manta da Abijan ba a 2019, inda 'yan matan Najeriya sunka zura wa namu 15 ba ko ɗaya. Ranar mutane sun yi ta ba'a a Facebook. Mu ba mu ga abin ba'a ba. Ƙasa mai jihohi 8, amma mafi yawan idon da ke zaɓen 'yan wasa yana Yamai, kilomita sama da 500 daga nan. In ka tsinci ƙungiyar ƙasa daga unguwanni kaɗan, ka kai ta gaban ƙasar da ke da gasar mata tun shekaru aru-aru, mi kake jira?

Dubi Asisat Oshoala ta Najeriya. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada, 2014, ita ta fi kowa cin ƙwallo, ita anka zaɓa gwanar gasa. Bayan 'yan watanni Liverpool ta ɗauke ta, daga baya ta kai Barcelona. Mako uku gaban masu littafi sun canza mata rayuwa. Amma kafin mako ukun nan akwai shekarun da ta yi tana wasa a ƙungiyoyin gida, ana ganinta kowane mako. Wanga shi ne abin da masu shirya bukukuwanmu ke mantawa: ranar nuna kai ba ta da amfani in babu tsani ƙarƙashinta, babu ƙofa a samanta.

Abin mamaki, mu Adarawa ba mu buƙatar zuwa Amurka koyon wannan. Mun san shi tun kakanni, a kokowa. A nan Tawa anka fara gasar takobin ƙasa a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauka. Ku duba yadda ɗan kokowa ke kaiwa can. Bayan kaka yana faɗuwa yana tashi a dandalin ƙauyensu. Makaɗa su san shi, su yi mai kirari. Tsofaffin 'yan kokowa su zauna bakin fili suna kallon ƙafarshi da kamunshi. A kai shi zaɓen karamar hukuma, daga nan zaɓen jaha, a tace a fitar da 10. Jihohi 8, 'yan kokowa 80, ƙasa duka ta kasa kunne ga rediyo. Yaron da ya tashi a rugar da ba ta da kuran ba ta da famfo, in dai yana da ƙarfi da dabara, hanya a buɗe take har filin Hamidine Maïdaré, har gaban shugabanni, har doki da rawani. Ubanshi bai biya kuɗin jirgi ba. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobi sau 6, kuma ba wanda ya tambaye shi ɗan wa ne. Ta wanga fanni tsarinmu ya fi na Amurka adalci nesa ba kusa ba.

Sai dai tsanin na maza ne kaɗai. Ba kokowa muke nema wa 'yan mata ba, kada a juya muna magana. Tsanin muke nema.

Kuma ga abin da ya fi ba mu haushi, mu da munka yi lakol. Matakin farko na tsanin yana nan, an riga an gina shi, kowace shekara ana hawanshi, sannan a rufe shi cikin kabad. Duk wanda ya yi BEPC ya san jarabawar EPS. A fito fili da sassafe, a yi gudu, a yi tsalle, a yi jifa. Mushe na tsaye da kurono a wuya, wani na riƙe da mita, wani na rubutawa. 'Yan mata dubbai a faɗin ƙasa, kusan lokaci guda, a gwada su da ma'auni ɗaya. Wace gasar nuna kai ce ta kai wannan girma? A Amurka iyaye na zubar da dukiya don a auna 'ya'yansu, mu gwamnati na auna namu. Amma da an mayar da daƙiƙoƙin nan maki bisa 20, shi ke nan, takardar ta gama aikinta. Lokacin da muke aji na ƙarshe a CEG akwai wata a ajinmu da ke tsere wa rabin maza. Abin da ta samu shi ne maki mai kyau da ya ɗan taimaki lissafinta. Ba wanda ya ce mata akwai hukumar guje-guje a ƙasar nan.

Mi zai hana kowace cibiyar jarabawa ta fitar da sunayen 'yan mata uku da sunka fi gudu, uku da sunka fi tsalle, a aika wa hukumar wasanni ta jaha? Wannan ba ya cin ko jika guda, hoto ne a WhatsApp. Daga Takanamat, daga Afala, Barmu, Bambai, Kalfu, Tebaram, a tara su Tawa kwana biyu lokacin hutu. A auna fili da gaske, a riƙe agogo da gaske, a gayyato mutanen hukumar guje-guje da na FENIFOOT da malaman INJS su zauna bakin fili da littafi. A rage jawabai. In ma dole sai an yi, a yi su bayan tsere, lokacin da yara ke cin abinci.

Mun san abin da za ku ce, don kun faɗa muna a waya da munka taɓo zancen a iska. Wani dattijo ya kira ya ce: ɗana, 'yan matan da kake magana nawa ne cikinsu ke kaiwa BEPC? Gaskiyarshi. Alƙaluman UNICEF sun ce kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18, kuma a karkara da yawa ba su wuce firamare. Saboda haka in an tsaya ga BEPC kaɗai an makara ga mafi yawa. Dole a sauko ga 'yan CM2, a yi musu tseren komin sau biyu ko uku a shekara. Mun ce sau biyu ko uku da gangan. Rana guda tana ƙarya. Yarinya na iya zuwa da zazzaɓi, ko ta ɗebo ruwa tun asuba, ko ba ta karya ba, ko kunya ta kama ta gaban taro. Ɗan kokowa ma ba a yanke mai hukunci da faɗuwa ɗaya a dandali.

Wata uwa kuma ta aiko da saƙon murya, kuma maganarta ta fi ta kowa nauyi. Ta ce: ni in ba da ɗiyata a sa ta mota a kai ta birni, ta kwana ina, hannun wa? Inna, ba mu da amsar da ta wuce a ce kina da gaskiya. Duk wanda ya shirya taron 'yan mata bai tanadi madam ko wata dattijuwa daga garinsu da za ta raka su ta kwana ɗaki guda da su ba, kada a ba shi yaro. Kada a yi tafiyar dare, balle yadda hanyoyin arewa suke a 'yan shekarun nan. Kuma duk wanda ya zo gida da jaka yana cewa shi wakili ne, zai kai yarinya Turai ko Magrib, a kawo kuɗin fasfo da na biza, a rufe mai ƙofa. Samarinmu nawa anka yi wa haka da sunan ƙwallo, sunka ƙare a tasha a ƙasar da ba su san kowa ba? Mai nema na gaskiya ba ya karɓar kuɗi hannun iyaye, kuma yana biyowa ta hukuma da makaranta. Wannan ma dalili ne na a yi abin a fili, da rana, gaban kowa. Inda babu hanyar gaskiya, nan 'yan damfara ke buɗe tasu.

Zancen sutura kuwa an wuce wurin. Tun 2014 dokar ƙwallon ƙafa ta yarda da rufe kai, kuma a gasar duniya ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta. Dogon wando da riga mai hannu ba su hana gudu.

Akwai wani abu ƙarami da ke kashe yara da yawa tun ba a fara ba: takardar haihuwa. Gasar makarantu ta Afirka da CAF ta ƙirƙiro a 2022 ta 'yan ƙasa da shekara 15 ce, maza da mata, kuma a zagayen ƙarshe na farko a Durban a 2023 wata makarantar Tanzaniya ce ta ci ɓangaren mata, da kyautar dala 300,000 don ayyukan makaranta. Irin wagga gasa ba a shigarta da "an haife ta shekarar da anka yi fari". Yarinyar da ba ta da takarda, ko wadda anka rage wa shekaru don ta samu shiga jarabawa, za a cire ta a bakin ƙofa ko ta fi iska gudu. Wannan aikin meri ne da iyaye, ba na mai horo ba.

Sannan a faɗa wa iyaye gaskiya kan abin da ke saman tsanin. Mu ba mu da jami'o'in da ke biyan karatu saboda wasa kamar Amurka, kuma cikin 'yan mata ɗari da wuya ɗaya ta ci abinci da gudu. Kada a yi wa kowa romon baka. Amma akwai ƙofofi na kusa. Akwai INJS a Yamai, inda ake horar da malaman EPS, kuma kowa ya san yadda makarantunmu na karkara ke ƙishin mace mai koyar da wasa. Akwai gasar shiga aikin ɗan sanda da jandarma da gardi, inda ake gwada gudu. Manyan ƙungiyoyin ƙasar nan da yawa na masu kaki ne, kuma ƙungiyar mata ta AS Police ta wakilci Nijar a wasannin share fage na kofin zakarun Afirka. Ga jami'a a nan Tawa. In kyautar wadda ta ci tseren komin ta zama kuɗin karatu da littattafai da wurin kwana amintacce har ta gama lise, uban da ke shakka zai sake lissafi. Bokiti ba ya sa kowa sake lissafi. Bokiti fa, jama'a, kamar ana ce mata: mun gani, koma rijiya.

Wasu za su ce ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, kai kana zancen tsere. Mun ji. Amma ba mu ga an fasa kokowa ba saboda hatsi ya yi tsada, kuma ba mu so a fasa. 'Yan kasuwar Adar da ke Abijan da Kwatano da Legas, waɗanda ke aiko da kyauta in ɗan kokowar jaha ya yi kaye, muna roƙon ɗaya cikinku ya ɗauki kuɗin mota da abincin kwana biyu na 'yan mata talatin. Mun san bai kai kuɗin da ake liƙa wa makaɗi a dare ɗaya ba.

Mu dai ga namu. Daga jarabawar EPS mai zuwa, duk mushen da ya turo muna sakamakon 'yan matan da sunka fi gudu da tsalle a cibiyarshi, da izinin iyayensu da na hukumar makaranta, za mu karanta shi a shirin wasanni: suna, gari, nisan fili, daƙiƙa nawa. Za mu buɗe littafi a situdiyo mu riƙa rubutawa shekara bayan shekara, kuma duk ma'aikacin hukumar wasanni da ke so ya zo ya kwafa. Wanda ba shi da kurono, akwai shi cikin kowace waya. A auna filin da mita kafin a fara, don Allah, kada a auna da taki.